Kukan Raƙumar Malam Bawa

Ku da kuke zaune a bencin nan kuna cewa gyaran babur ba wani abu ba ne, a kwance, a sauya, a ɗaure, ban ga laifinku ba. Abin da kuka tarar ke nan. Babur ɗin yanzu in ya yi tari, sai a aika kasuwa a kawo kafireta sabuwa a cikin leda, ku ɗaura, mai shi ya tafi yana sa muku albarka kamar kun yi wani abin a zo a gani. Ni abin da na koya daban ne, kuma a duk Kaura ban san wanda ya rage yana yin sa ba sai ni.

Babur mai hayaƙi nake nufi, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, gwangwanin tumatir biyu a galan guda. Akwai dogayen cikinsu masu tayar daji, waɗanda aka raba wa malaman gona da malaman dabbobi tun kafin a haifi iyayen wasunku. Ba su da bawul, ba su da kayan ciki masu yawa, shi ya sa wanda bai sani ba yake raina su. Amma ƙarancin kayan shi ne wahalar. Komai na injin nan numfashi ne. In iska ta sami ƙofar da ba tata ba, ko da ta kai tsinin allura, to ka kwana kana buga kik ba zai tashi ba, in kuma ya tashi zai cinye kansa a hanya.

A rumfar Baba Lamidi na koya, wani Bayarabe da ya zauna kusa da tashar jirgin ƙasa har Hausarsa ta koma ta Zamfarawa, sai ɗan karin harshe da ya ƙi barin sa. Shekara biyu ina wanke noti a kananzir kafin ya bar ni na taɓa inji. Abin da ya fi so shi ne ya zaunar da ni na juya wa titi baya, in babur ya taho ya ce in faɗi na wane ne, kuma me ke damun sa. In na kuskure, ranƙwashi. "Kunne shi na kanike," in ji shi, "hannu ɗan aike na." Na sha ranƙwashi har tsakiyar kaina ta san zoben hannunsa, amma kafin in bar wurin ina iya gane babura sama da ashirin ban waiwaya ba.

Aiki na farko da na yi da hannuna ni kaɗai, na Malam Bawa ne, malamin dabbobi, mutumin Zurmi. Shi ke bin rugage yana yi wa shanu allura, daga bayan Sakajiki har can wajen Galadi. Babur ɗinsa dogo ne, ja, ana ce masa Raƙuma, kuma kowa da "ita" yake kiran sa, don haka ni ma haka zan ce. Ranar Baba ya tafi jana'iza, Malam ya zo da bututun cikin salansa ya karye. Maƙogwaro muke ce wa bututun nan a rumfarmu, shi ke rage ƙara. Ba mu da wani, Malam kuma yana sauri. Sai na ɗauki tsohon famfon keke na ƙarfe, na yanke, na huda shi da ƙusa, na kai aka yi walda. Hujin bai tafi daidai ba, biyu sun haɗe sun zama tsaga. Da aka tayar, sai ga Raƙuma da wani kuka da ban taɓa ji ba, ƙara mai kaifi, kuma duk lokacin da aka saki totur sai ta yi wani siririn fito kamar yaro na kiran kare. Baba da ya dawo ya ji, bai ko ranƙwashe ni ba, dariya ya yi har da hawaye, wanda ya fi ranƙwashin ciwo. Na roƙi Malam ya dawo in gyara. Ya ce tana tafiya, ya isa. Shekara talatin da wani abu fiton nan yana wucewa ta gaban rumfa, ni kuwa duk na ji sai na sunkuyar da kai.

Baba ya rasu, ya bar mini akwatin kayan aikinsa. Ga shi can, kada wanda ya zauna a kai. Sifana goma da sha biyu da sha huɗu, duk sun yi santsi. Akwai abin zare magneto da ya ƙera da kansa daga wata ƙusar reluwe, akwai ƙaramin fayil na gyaran ringi, da guntun taɓarya da ake dukan fistin da shi don kada ƙarfe ya ji wa ƙarfe. Babu wanda za ku saya a shago a cikinsu. Da su na ci abinci, na aurar da 'ya'ya, har sababbin babura marasa hayaƙi suka cika gari, masu kawo mini aiki suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya mutu, wani ya sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa.

Sai kuma shekarar da kuka sani. Ɓarayin daji suka mai da babur abin tsoro, aka hana hawa, aka hana sayar da fetur a jarka, aka rufe kasuwanni, waya ta ɗauke. Yara biyun da ke koyo a wurina, ɗaya ya tafi haƙar zinari, ɗaya ya tafi Kano, ba wanda ya dawo. Nakan buɗe rumfa da safe in share, in jera sifanu a kan buhu, in zauna har azahar, in mai da su akwati. Ba yunwar ce ta fi damu na ba, shirun ne. Mutumin da aka koya wa zama da kunne, aka wayi gari ba abin da zai saurara. Kaɗaici na ji sosai a lokacin, kuma ban da wanda zan gaya wa, don duk waɗanda za su gane abin da nake nufi suna maƙabarta.

Bayan an sassauta dokar, wata safiya sai ga kura ana turowa, Raƙuma a kwance a kai, an ɗaure ta da igiya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Malam Bawa na biye da sanda. Ya daɗe da yin ritaya, ya dawo Kaura da zama, kuma wani zazzaɓi ya tafi da kunnuwansa, sai ka kai baki kusa ka ɗaga murya yake ji. Shekara takwas tana jingine a zaurensa, kaji na kwana a kai.

"Ɗan Lamidi," ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. Haka yake kira na har da furfurata. "So nike ta tashi. Kuɗɗina ba su da yawa, kai dai yi dabara irin taku ta da."

Na kai baki kunnensa na ce, "Malam, ina za ka da wagga tsohuwa?"

"Gona," ya ce, ya kau da kai.

Na san Malam ba shi da gonar da ta wuce tafiyar ƙafa, amma a shekarun nan ba a bin mutum da tambaya.

Injin ya kafe, kik ko motsi. Na zare kan injin, na cika silinda da kananzir da ɗan man birki, na bar shi kwana uku, kullum da safe in ɗora guntun taɓarya in ɗan bubbuga. Ba a yi wa abin nan ƙarfi, lallashi ake yi. A rana ta huɗu fistin ya sauka da wani nishi. Ya riga ya ci, ba zai moru ba, don haka ranar Alhamis na bi motar kasuwa zuwa Shinkafi, kowa a motar bakinsa na motsi da addu'a. Akwai wani tsoho can mai buhunan tarkacen da ake kawowa daga Nijar. Na zazzage buhu uku kafin in sami fistin da ya yi daidai. Ringin da na samu ya ɗan fi girma, na zauna da fayil ina ci kaɗan ina gwadawa, wuni guda a kan abin da bai kai kaurin farce ba.

Robar da ke tare iska a gefen kuransha, sandar da fistin ke juyawa, ta bushe ta zama kamar busasshen ganda. Ita ce ran injin nan, kuma ba a sayar da irinta yanzu. Ta injin ban ruwa na samu, na ɗan rage mata baki. Gaskit kuwa da kwalin tsohuwar kalanda na yanka, na ɗora a kan ƙarfen ina bi da ƙaramar guduma har ya fitar da kansa. Tanki ya yi tsatsa, na zuba tsakuwa da kananzir na yi ta girgizawa har kafaɗata ta yi tsami. Soson katifa ya zama matatar iska, wayar birkin keke ta zama wayar totur. Salansa na cusa a wutar kara, baƙin da ya toshe ta ya ƙone, na kakkaɓe.

A nan ne na zaro maƙogwaro, sai ga famfon kekena. Ya yi baƙi, ya sha wuta, amma ga tsagar nan tana kallo na. Kunyar da na ji ina saurayi ta dawo sabuwa. Na kuma yi wani tunani da na ɗauka hankali ne. Na ce tsohon nan daji zai shiga, ko bai faɗa ba, kuma a dajin yanzu wanda aka ji tahowarsa shi ake tarewa. Gara in rufe mata baki. Na jefa famfon a tarin ƙarafa, washegari 'yan gwangwan suka kwashe. Na sami bututu mai kyau, na huda shi layi-layi da ma'auni, na naɗe shi da soson ƙarfe na wanke tukunya, na cusa dam.

Sannan na zauna saiti. Wannan shi ne abin da ba ku da haƙurinsa. A ɗaga allurar kafireta gaba ɗaya, a hau a zagaya, a dawo a zare fulogi a duba. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari kamar toka, inji na jin yunwa, zai kafe da kai a inda ba kowa. Kalar ƙuli-ƙuli ake nema. Kwana biyu na yi, ina gwadawa da sanyin safiya ina sakewa da zafin rana. Da na gama, bugu ɗaya take tashi, hayaƙi siriri, murya ƙasa-ƙasa, in kana bayan katanga ba za ka bambanta ta da baburan yanzu ba. Tunda nake ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma ba kowa a rumfar da zan nuna wa.

Malam ya zo ya ɗora tafin hannu a tanki, ya ji tana rawa daidai, ya yi murmushi. Kunnensa bai ji komai ba, ni kuma ban ga dalilin faɗa masa na cire fiton ba. Ranar Talata da sassafe na hango shi ya wuce, da kular ƙanƙara ɗaure a baya.

Gab da magariba ya dawo. Bai wuce gida ba, rumfata ya tsaya, ya zauna a bencin nan da kuke kai. Sannan ya gaya mini abin da ya ɓoye. Akwai wani Arɗo a wata ruga wajen Galadi, abokinsa tun suna da ƙarfi. Ɓarayi sun kwashe musu mafi yawan shanu, 'yan kaɗan da suka rage kuma ciwon huhu ya shiga cikinsu. Ba su iya zuwa kasuwa, don Bafulatani a kasuwa a lokacin yana iya fita bai dawo ba. Ba kuma malamin da zai je musu, don duk wanda aka gani da magani ya nufi daji sai a ce ɗan aiken ɓarayi ne. Shi ya sa Malam ya ce mini gona. Arɗo ya aiko ta bakin wani mai itace cewa in Malam na da rai, Raƙuma kuma na da rai, ya zo da allurar rigakafi kafin sauran su kamu.

"Nit tarar da wuta na ci," in ji Malam, "tukunya bisa murhu, nono ya zube ƙasa. Ba kowa. Sun kore shanu masu lahiya sun shige daji, sai marasa lahiya ɗaure suna tari. Niy yi ta kira. Niz zamna har la'asar, ƙanƙara tan narke, magani yal lalace." Ya share fuska da hularsa. "Da can tun ina hwadama yara ka tarbo ni. Sun mance ni, Ɗan Lamidi. Ko kuwa sun bar yarda da kowa, har ni."

Sai a lokacin na gane abin da Arɗo yake nufi da ya haɗa sunan Malam da na Raƙuma. A dajin da kowane babur ke nufin mutuwa, akwai guda ɗaya da suke ganewa tun daga nesa, kuma da fiton nan suke gane shi. Ni kuma na cire shi da hannuna. Garin neman gira na rasa ido.

Da na yi shiru, da Malam ya tafi kabarinsa yana zaton abokansa sun guje shi. Na kai baki kunnensa, kuma abin takaici, maganar da mutum zai so ya faɗa a hankali dole na faɗe ta da ihu, har mai shayi na tsallaken titi ya juyo.

"Malam, ba su mance ka ba! Ba su ji ka ba na! Ni nir ruhe mata baki!"

Ya dube ni. Bai zage ni ba. Ya ce, "To buɗe mata." Ya ce zai sayar da tunkiyarsa ya sake aikawa Gusau a kawo magani, kwana takwas zai ɗauka. Ya ƙara da cewa samarin rugar suna da bindigogin farauta, kuma wanda baƙon babur ya kora sau ɗaya, karo na biyu ba gudu zai yi ba, laɓewa zai yi ya jira.

Kun ce sana'ar nan sauƙi gare ta. To ku gaya mini shagon da ake sayar da kuskuren da aka yi shekara arba'in da suka wuce. Na bi 'yan gwangwan, sun riga sun loda mota. Famfon keke na ƙarfe ma ya ɓace a gari, duk na roba ne, sai da ƙyar na samu guda biyu a wurin wani tsohon mai faci, da ɗaya a gidan wani ladan. Na yanke na farko na huda da ƙusa, na yi tsaga. Ƙara ta dawo, fito babu. Na biyu ya yi fito, amma mai kauri, kamar na babban mutum. Wanda na tuna siriri ne, kuma ba ya zuwa sai an saki totur, a ƙarshen numfashi. Hannuna ya ƙware da yawa, ya kasa yin aikin banza irin na yaro.

Na uku shi ne na ƙarshe, don haka ban taɓa shi ba sai da na yi kwana biyu ina tunani. Na tuna ranar ina sauri ne, ina tsoron Baba ya dawo, kuma ban ɗaure bututun a komai ba, a ƙasa na taka shi da ƙafa. Ƙusar ta zame ne, ta shiga a karkace. Na ajiye ma'auni, na taka shi a ƙasa, na buga a karkace. Sannan kowane sauyi a salansa yana taɓa cin mai, sai da na sake saiti daga farko har fulogi ya dawo kalarsa.

Na tura ta bayan gari wajen kogi inda ba hayaniya, na tayar, na ɗaure totur da zare yadda zai saki da kansa, na yi nisa na juya mata baya. Ta yi ƙara, ta saki, ta yi fito. Ya yi kama da na da. Amma na tsaya ina tambayar kaina, shi ne, ko kuwa don ina so ya zama shi ne? Baba ya mutu. Abokan aikina sun mutu ko sun watse. Mai babur ɗin kurma ne. A duk garin nan ba mutum ɗaya da zan ce wa zo ka saurara mini.

Ranar da maganin ya iso, Malam ya ɗaure kularsa, ya hau, ya tayar. Ya dube ni.

"Ita ta?"

Na ɗaga kai na ce ita ce. Ban da tabbas, kuma na san ransa na ɗora a kan kunnena. Na tsaya a bakin titi ina jin ta har ta wuce gada, fiton yana ƙanƙancewa.

Bai dawo ranar ba, bai dawo washegari ba. Na buɗe rumfa na kasa jera ko sifana ɗaya. A rana ta uku da hantsi, ina zaune na ba titi baya, na jiyo ta tun daga nesa.

Ya sauka da ƙyar, ƙura har gira, kular ba komai. Ya ce tun yana fadama ya hango yara suna gudu, wannan karon wajensa suka nufo. Iyayensu ne suka ji, suka ce musu ku je, Malam ne. Arɗo ya rungume shi yana kuka. An yi wa duk masu lafiya allura, sun hana shi tafiya kwana biyu. Na ce alhamdu lillahi, na zauna.

Shi bai zauna ba. Ya ce akwai yayar Arɗo, Inna Dija, tsohuwar da ta shekara talatin tana dama masa fura duk zuwansa. Ranar Talatar nan da baƙon babur ya shigo musu, ta bi mutane da gudu, idonta ba ya gani sosai, ta faɗa kwazazzabo, ƙugunta ya karye. Ba asibitin da za su iya kai ta. Kwana huɗu ta yi.

"Arɗo ya tambaye ni," in ji Malam, "ko na ji labarin ko su wa sunka zo musu ran nan."

Na kai baki kunnensa. "Mi kac ce mai?"

"Nic ce ni kurma na, ba ni jin labari."

Ya juya ya kwance wani ƙunshi daga bayan Raƙuma, 'yar ƙwarya ce an rufe da faifai an ɗaure da tsumma. Man shanu ne, sabo, daga shanun da suka rage.

"Sunka ce in kawo ma wanda yag gyara ta. Sun ce Allah shi yi ma hannunka albarka."

Na sa hannu biyu na karɓa, na ce amin.